Kocin ƙwallon raga da muka ɗauko daga Dutse

In ana son sanin ko kocin ƙwallon raga ya iya aikinsa, a dubi abin da yake sa yara su yi kafin ya bari su kusanci raga. Wanda ƙungiyar matasan garinmu, nan ƙasar Ringim, ta ɗauko daga Dutse bayan an gama kaka, ya ci wannan jarrabawar. Karo-karo aka yi aka biya shi, ni kuma aka ɗora min ɗawainiyarsa tunda ni ke riƙe da wasanni a makarantar garin. Don haka duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Da tef ya fara. Ya auna fili mita 18 a tsawo, 9 a faɗi, ya sa aka zuba toka a kan layuka har da layin da ke mita 3 daga raga a kowane ɓangare. Ragarmu da ke rataye tsakanin darbejiya da turke ya ɗaga ta zuwa mita 2.43, tsayin ta maza, ya nuna mana inda za a sauke ta zuwa 2.24 in mata ne za su buga. Ƙwallon ƙafar da yaran suka saba dukan raga da ita ya ce a mayar da ita filinta: nauyinta ya haura giram 400, ta raga kuwa tsakanin 260 da 280 take, shi ya sa yatsun yaranmu ba sa rabuwa da targaɗe.

Daga nan sai karɓar ƙwallo, kuma a nan ya zauna har yara suka fara gunaguni. Kowane yaro a garin nan simash yake so, ya yi tsalle ya maka ta a ƙasa 'yan kallo su yi ihu. Koci ya ce ba mai tsalle sai ya iya ɗauko sabis, wato bugun farko da abokan karawa ke turo ƙwallo da shi. Ya sa su haɗa hannuwa, babban yatsa jikin babban yatsa, gwiwar hannu a miƙe, ƙwallo ta sauka a kan sangalin hannu, ba a tsintsiyar hannu ba. Ƙarfin daga ƙafa yake fitowa, a durƙusa kaɗan a miƙe, kada a wurga hannu sama. Akwai wani dogon yaro mai kafiya da kullum yake lanƙwasa gwiwar hannu. Koci bai yi masa faɗa ba, faifai ya karɓo daga gidan maƙwabta ya ɗora masa a kan hannuwan, ya zuba tsakuwa a kai, ya ce ya yi ta tafiya gefe da gefe a durƙushe kada ko ɗaya ta zube. Mun sha dariya, amma hannun ya miƙe.

Dalilinsa na gamsu da shi. Taɓawa uku kowane ɓangare yake da ita, ban da wadda aka yi wajen tare ƙwallo a bakin raga. In ta farko ta lalace, mai ɗaga wa mai simash ƙwallo zai bi ta da gudu, mai simash ya tsaya yana kallo. Kuma a lissafin yanzu kowane kuskure maki ne ga abokan karawa, ko wa ya yi sabis, har a kai 25 da ratar maki biyu. Gajeren yaron da ake bari a gefe yana tsinto ƙwallo shi ya fi kowa saurin ƙafa, sai ya mai da shi libero, mai tsaron baya da riga daban, matsayin da aka shigo da shi wasan a 1998. Yanzu ba a raba ƙungiya sai an yi rigima a kansa.

Sabis ma ya koyar da kyau: a jefa ƙwallo daidai gaban kafaɗa, a doki tsakiyarta da tafin hannu a tsaye, a tsayar da hannun nan take. Ƙwallon ba ta juyawa, sai ta taho tana lilo kamar ɓauren tabarmar da iska ta ɗauka. Da iskar hunturu kuwa, mai karɓa sai addu'a.

To, ga inda muka saɓa. Tsarinsa na mutumin da ya saba da filin siminti ne da kwandon ƙwallaye. Mu ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ma ƙaya ta huda ta, don haka rabin lokaci yara a layi suke suna jiran juyi. Ya so ya koya musu faɗuwa da ƙirji don ceto ƙwallo, a kan ƙasa mai tsidau, yara babu takalmi. Na ce, "Koci, ka bari mu share mu zuba yashi tukuna." Ya ce, "Malam, haka mu ma muka koya." Sai da wani ya sale gwiwa sannan ya haƙura. Lokaci ma bai yi la'akari da shi ba: ƙarfe uku yake so a fara, alhali yara ba sa samuwa sai bayan La'asar, sun dawo daga kiwo ko Islamiyya, ga magariba na saurin yi da hunturu.

Ɗaga ƙwallo da yatsu, wanda shi ne mafi wuya, a gurguje ya wuce shi, har yanzu mai ɗagawarmu riƙe ta yake yi alƙali na busa masa usur. 'Yan matan makarantarmu kuma ko sau ɗaya ba su samu darasi ba, don iyaye sun ce sai da malama mace a wurin, shi kuwa bai zo da kowa ba.

Duk da haka kuɗinmu bai tafi a banza ba, kuma ƙungiya ta yanke a sake kiransa. Garin da ke son ɗaukar irinsa ya tanadi ƙwallaye aƙalla shida da famfo, a share fili a zuba yashi, a kuma yi yarjejeniya tun farko kan lokacin fara atisaye da wadda za ta tsaya wa 'yan mata.