pip, uv, Poetry ko conda: wanne ya dace da aikinka na Python?

Duk mai rubuta manhaja da Python yana jingina da kunshin da wasu suka rubuta, yawanci daga rumbun PyPI da aka buɗe tun 2003. Kayan saukewa da girka kunshin kyauta ne, amma zaɓen tumun dare yana cin lokaci da data, sannan ya jawo ciwon kai ranar da aiki ya tashi a kwamfutarka ya ƙi tashi a ta abokin aikinka. Abu uku ne za su raba maka gardama: ko kana buƙatar a kulle sigar kowane kunshi (wato a tsayar da ita kan lamba ɗaya), ko aikin ya dogara da laburaren da ba da Python aka rubuta su ba, da kuma ƙarfin intanet ɗin da kake da shi.

pip da venv su ne tushe, kuma suna zuwa tare da Python (venv tun siga ta 3.3, pip tun 3.4). Ka buɗe keɓaɓɓen muhalli da `python -m venv .venv`, ka kunna shi, sannan ka girka abin da kake so. Wanda ya tsallake wannan mataki a Debian 12 ko Ubuntu 23.04 zuwa sama zai ci karo da saƙon `externally-managed-environment`. Da gangan aka sa shi, domin tsarin kwamfutar kansa yana amfani da wannan Python ɗin, kuma sauya masa kunshi na iya gurgunta shi. Kada ka ketare shingen da `--break-system-packages`. Raunin pip yana wajen kullewa. Idan ka rubuta sunan kunshi kawai a `requirements.txt`, wanda ya girka bayan wata shida zai samu sababbin sigogi da ba ka taɓa gwadawa ba. `pip freeze` kuwa yana zubo komai a jere, ba ka gane wanda ka nema da wanda ya biyo shi. Maganin da aka saba shi ne pip-tools: ka rubuta buƙatunka a `requirements.in`, `pip-compile` ya fitar da cikakken jeri mai lamba.

Inda pip ya yi fice shi ne wurin da intanet ke yankewa ko data ke tsada, kamar ajin horo mai kwamfuta 20. Ka sauke sau ɗaya da `pip download -r requirements.txt -d kunshi`, ka kwafe a filashi, a kowace kwamfuta ka buga `pip install --no-index --find-links kunshi -r requirements.txt`. Sharaɗi ɗaya: kwamfutar da ta sauke ta zama irin waɗanda za a girka wa, a tsarin aiki da sigar Python, domin fayil ɗin wheel (kunshin da aka riga aka gina, a shirye don girkawa) da aka gina wa Linux ba ya shiga Windows.

uv ne muke ba da shawara ga sabon aiki. Kamfanin Astral ya fitar da shi a Fabrairun 2024, an rubuta shi da harshen Rust, kuma ya haɗa ayyukan pip da venv da pip-tools da pipx (mai girka manhajojin Python kowacce a muhallinta) wuri guda. `uv init` ya buɗe aiki, `uv add` ya ƙara kunshi ya rubuta shi a `pyproject.toml` da `uv.lock`, `uv sync` ya maido da muhallin daidai yadda aka kulle shi a wata kwamfutar. Har Python ɗin kansa yana saukewa da `uv python install 3.12`. Ana yawan yabon saurinsa, amma abin da ya fi amfani ga mai lissafin data shi ne ma'ajiyarsa: kunshin da aka sauke sau ɗaya, ayyuka goma za su yi amfani da shi ba tare da an sake saukewa ba, kuma `--offline` yana hana shi taɓa intanet. Ka bar ma'ajiyar da aikin a faifai ɗaya. Idan suka rabu, dole ya riƙa kwafar fayiloli, wuri ya cika. Abin lura shi ne `uv.lock` tsarinsa ne na kansa. In wurin da za a ɗora aikin pip kaɗai ya sani, sai ka fitar da jeri da `uv export`.

Poetry ya girmi uv, tun 2018 yake, kuma yana kullewa da `poetry.lock`. Siga ta 2.0 da ta fito a Janairun 2025 ta karɓi daidaitaccen sashen `[project]` na `pyproject.toml`. Idan ƙungiyarku na kansa kuma yana tafiya, ba dalilin tayar da zaune tsaye.

conda dabba ce daban. Ba daga PyPI yake ɗebowa ba, kuma yana girka laburaren C da C++ da Fortran tare da Python. Mai aikin taswira da laburaren GDAL ya san darajar wannan, musamman a Windows, inda rashin wheel ke sa pip ya yi ƙoƙarin gina kunshin da kansa ya tsaya da saƙon cewa ana buƙatar Microsoft Visual C++ 14.0. A nan ka ɗauki Miniforge, ƙaramin tsarin girka conda wanda ke jawo kunshi daga rumbun conda-forge. Cikakken Anaconda, babban tarin da ke zuwa da conda, ya kusa gigabait guda, cike da kunshin da ƙila ba za ka buɗe ba, kuma sharuɗɗansa sun wajabta lasisin kuɗi ga ma'aikatar da ke da mutum 200 ko fiye. Babban kuskure shi ne cakuɗawa ba tsari: conda bai san abin da pip ya sauya ba. In dole ne, ka gama girka na conda duka, pip ya zo a ƙarshe, kada ka sake komawa.

Idan kunshinka kake son rarrabawa, ka bayyana suna da siga da buƙatu a `pyproject.toml`, ka zaɓi magini, wato manhajar da za ta haɗa kunshin. Hatchling ya wadatar ga kunshin Python zalla. Setuptools ya fi dacewa in akwai C a ciki. Tsohon `setup.py` da ke kiran distutils ba zai yi aiki kai tsaye a Python 3.12 ba, domin an cire distutils, tsohon maginin da ke zuwa tare da Python. `python -m build` zai ba ka fayil biyu a `dist`, wheel da `tar.gz`, sai ka ɗora da `twine upload` ko `uv publish`. Tun farkon 2024 PyPI ya wajabta tantancewa mai mataki biyu, kuma ba a ɗorawa da kalmar sirri. Sai da mabuɗin API, ko ta Trusted Publishing, wato ɗorawa kai tsaye daga GitHub Actions, wanda ya fi aminci tunda babu mabuɗin da za a ajiye. Ka fara gwadawa a TestPyPI, rumbun gwaji na PyPI, ka girka a sabon muhalli ka ga ko duk fayilolin sun shiga. PyPI ba ya karɓar sunan fayil ɗaya sau biyu: in ka ɗora 1.0.0 da kuskure, ko ka goge shi lambar ta tafi, sai dai ka fitar da 1.0.1.