Trello: Abin da Take Iya Yi wa Mai Aiki da Inda Take Gazawa

Trello manhaja ce ta bibiyar ayyuka da ake amfani da ita a kwamfuta da wayar hannu, wadda kamfanin Fog Creek Software na birnin New York ya fitar a shekarar 2011, kafin kamfanin Atlassian na ƙasar Ostareliya ya saye ta a 2017 a kan dala miliyan 425. An gina ta ne a kan tsarin kanban da Taiichi Ohno ya ɓullo da shi a masana'antar motoci ta Toyota bayan yaƙin duniya na biyu, inda kowane aiki yake tafiya da katinsa daga mataki zuwa mataki. A ganina tana cikin manhajoji mafi sauƙin koyo a wannan fanni, kuma tana amsa tambayar da ke damun kowane mai kula da aiki, wato ina aikin ya tsaya kuma a hannun wa yake.

Mutum yakan buɗe allo guda domin aiki guda, ya raba shi zuwa layuka, sannan ya rubuta kowane ƙaramin aiki a kan katinsa, yana jan katin daga wannan layi zuwa na gaba yayin da aikin ke ci gaba. A cikin katin ana iya saka hoto, ranar wa'adi, sunan wanda aka ɗora wa nauyi da jerin ƙananan abubuwan da za a cika. Wanda ya saba da wayar zamani zai fahimci wannan a zama guda.

Inda amfaninta ya fi bayyana shi ne sana'ar da ayyuka masu kama da juna suke shigowa da yawa a lokaci ɗaya, kuma shagon tela a cikin watan azumi misali ne da kowa ya sani. Idan mai shago ya yi layuka na kayan da aka karɓa, waɗanda aka yanka, waɗanda ke kan keke, waɗanda aka kai wa mai aikin wuya, waɗanda ke jiran guga da waɗanda aka miƙa wa masu su, to duk shaddar da ta shigo tana da katinta ɗauke da hotonta, awon mai ita, kuɗin kafin alƙalami da ranar da aka yi alkawari. Da kallo ɗaya zai ga cewa kaya sun taru a wurin mai aikin wuya alhali keke yana zaune babu aiki, kuma tun saura kwana goma sallah zai san ko ya kamata ya daina karɓar sabon ɗinki. Saɓa alkawarin da ake yawan zargin teloli da shi, sau da yawa yana faruwa ne saboda mai shagon kansa bai san yawan abin da ya ɗauka ba. Shawarata ga duk mai amfani da manhajar ita ce ya ƙayyade adadin katunan da layin aikin da ake kan yi zai ɗauka, misali uku ga kowane ma'aikaci, kada a shigar da na huɗu sai an fitar da ɗaya. Akwai ƙarin kayan aiki a cikinta da ke canza launin layi idan ya wuce iyakar da aka sa masa, kodayake ba ya hana mutum ƙarawa. Haka nan kowane kati ya kasance da sunan mutum ɗaya tak, domin aikin da aka rataya wa mutum uku yakan zauna kowa yana jiran ɗan'uwansa.

A gida ma tana da amfani wajen shirin biki, rabon hidimar suna tsakanin 'yan'uwa, ko tattara takardun neman makarantar yara. Amma idan aka zo ga aiki irin ginin gida, wanda matakansa suke dogara da juna, sai rauninta ya fito. Duk wanda ya taɓa gini ya san cewa ba a yin filasta sai mai wayarin ya gama binne bututunsa, ba a sa silin sai an rufa kwano, kuma idan kafinta ya yi jinkirin mako biyu ana dab da damina, duk abin da ke bayansa zai ja da baya. Trello ba ta da hanya ta asali da za ta ɗaure wani kati da wani ta yadda idan na farko ya makara ranakun sauran za su gyaru da kansu. Mai aikin ne zai riƙe wannan lissafi a kansa, ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya yana canza ranaku. Ba ta kuma haɗa jimillar kuɗin da aka kashe, saboda haka lissafin buhunan siminti, rodi, yashi da ladan birkila dole ya koma Excel ko Google Sheets, ko kuma littafin da aka ware domin haka. Wanda ke kula da kwangila mai girma zai fi dacewa da manhajar da aka gina domin jadawali, irin su Microsoft Project.

Ta fuskar farashi, tsarin kyauta ya wadatar da iyali ko ƙaramin shago, domin yana ba da alluna har goma, mutum goma, da katuna ba iyaka, sai dai kowane fayil da za a liƙa ba zai wuce megabait 10 ba. Tsarin biya yana farawa ne daga kimanin dala 5 ga kowane mutum a wata idan an biya na shekara gaba ɗaya, kuma ganin ayyuka a jadawalin lokaci yana cikin tsarin da ya fi wannan tsada. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, wannan nauyi ne da ban ga dalilin ɗaukarsa ba sai idan ma'aikata sun yi yawa. Manhajar waya tana aiki ko da babu intanet, ta aika canje-canjen idan sabis ya dawo, abin da ke da muhimmanci a wuraren da layi yake yankewa. Babu Hausa a cikin harsunan da take zuwa da su, amma ana iya rubuta sunayen layuka da katuna da Hausa ba tare da wata matsala ba.

Babban ƙalubalen yana wurin mutanen da ake aiki tare da su. Magini ko direban tifa ba zai buɗe Trello ba, saƙon murya zai turo ta WhatsApp, kuma idan babu wanda ya ɗauki nauyin mayar da waɗannan saƙonni cikin katuna kowace yamma, allon zai riƙa nuna abin da ya riga ya wuce. Saboda haka ya kyautu a naɗa mutum ɗaya a kan wannan tun ranar farko, a kuma ware wani lokaci a mako da za a zauna a duba allon tare.

Akwai kuma batun sirri da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Ana iya saita allo ya zama na mai shi kaɗai, na abokan aiki, ko na kowa da kowa, kuma wanda aka bari a buɗe injin binciken Google yana iya gano shi. A shekarar 2018 masu binciken tsaron intanet sun gano alluna da dama a buɗe ɗauke da kalmomin sirri da bayanan cikin gida na hukumomi, har da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kafin a saka lambobin wayar kwastomomi, hotunan iyali ko takardun fili, a duba saman allon a tabbatar an kulle shi, kuma kada a taɓa rubuta kalmar sirrin banki a cikin kati.