Kwafe sunayen fayiloli a Windows: hanyar da ke ɓata ƙ da ɗ, da wadda ba ta ɓatawa

Mai turin waƙa da karatun malamai a kasuwar Dole, mai situdiyon hoto a Zango, da mai buga wa ɗalibai takardu, duk bukatarsu kan zo ɗaya. Ga dosiye cike da fayiloli ɗari uku ko dubu, ana son sunayensu kaɗai a rubuce, a buga a takarda ko a tura wa mai saye ta WhatsApp. Mun yi aiki da hanyoyin da ke cikin Windows 10 da 11 masu Faransanci, irin waɗanda aka saba gani a nan Damagaram. A ganinmu babu dalilin ƙona kuɗin intanet a kan wata manhaja. Sai dai hanyar da aka fi koya wa mutane ita ce ta fi cutar da sunayen Hausa.

Mafi sauƙi ita ce ta linzami. A buɗe dosiyen, a danna Ctrl+A, a riƙe Maj (wato Shift), a danna dama, a zaɓi Copier en tant que chemin d'accès. A Windows 11 ba sai an riƙe Maj ba. Haruffa masu ƙugiya suna fita lafiya lau. Matsalarta kawai, kowane suna yana zuwa da adireshinsa gaba ɗaya, kamar "E:\Karatu\Tafsiri 01.mp3". Gyaran wannan a Excel yake: a liƙa, a danna Ctrl+H, a rubuta *\ a gidan sama, a bar na ƙasa fayau, a maye duka. Fayil ɗin da aka danna a kansa shi ke hawa saman jerin, don haka a ɗora linzamin a kan na farko. Kuma ba ta leƙa dosiyoyin da ke ciki. In fayilolin ba su wuce na dosiye guda ba, ta wadatar.

Sai ta baƙin allo, wadda masu gyaran kwamfuta ke so. A rubuta cmd a wurin adireshi na saman dosiyen, a danna Entrée, sannan a buga:

dir /b /on > liste.txt

/b yana kawo suna zalla, ba girma ba kwanan wata. /on yana jera su bisa haruffa, kuma kada a raina shi: a kile USB ko katin memori mai FAT32, in ba a sa shi ba, sunayen suna fitowa yadda suke kwance a katin, a hargitse. /a-d yana ware fayiloli kaɗai, /ad dosiyoyi kaɗai, /s kuma yana shiga duk na ciki amma ya dawo da dogon adireshi. Shi kansa liste.txt zai bayyana cikin jerin, sai a goge layinsa. Wajen sauri ba a magana.

Inda take faɗuwa shi ne haruffa. A Windows mai Faransanci cmd yana rubutu da tsohon tsari mai lamba 850, wanda bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Fayil mai suna Ɗan ƙauye sai ya fito da alamar tambaya a gurbin haruffan. Ko é ta Faransanci tana iya rikiɗa ta zama wata ƴar waƙafi in aka buɗe a Bloc-notes. Wanda ya buga jerin ɗalibai haka, ya san abin da zai tarar wajen mai aikin. Ana magance shi da buga chcp 65001 kafin dir, amma mantuwa ba ta da wuya, kuma ba a gane ɓarnar sai an buɗe takardar.

Wannan ya sa muka fi karkata ga PowerShell, wani allon buga umarni da ke cikin Windows. A rubuta powershell a wurin adireshin, a buga:

Get-ChildItem -Name | Set-Clipboard

Shi ke nan, sai Ctrl+V a Word ko Excel. Ba ya barin wani fayil a dosiyen, ƙugiyoyi kuma suna nan daram. A ƙara -File in fayiloli kaɗai ake so, -Recurse in har da na ciki. A tsohuwar Windows 7 da ba a sabunta ba, umarnin Set-Clipboard ba ya nan, sai a koma cmd.

Abin da ke tsayar da mutane sau da yawa ba umarnin ba ne, allon madannai ne. A AZERTY, allon Faransanci, alamar | tana kan AltGr+6, \ tana kan AltGr+8, > kuma Maj da madannin da ke kusa da Maj na hagu. Kwamfutar hannu ta gwanjo mai QWERTY irin na Amurka ba ta da wannan madannin sam. In an saita ta a Faransanci, sai a juya ta zuwa Ingilishi da Alt+Maj, a buga alamar, a dawo.

Dir da PowerShell suna jera lambobi 1, 10, 11, 2, ba kamar yadda ido ke gani a dosiye ba. Mai surori 114 ya sa musu 001 zuwa 114 tun farko. Excel ma yana da nasa halin: dosiye mai suna 007 zai koma 7, mai suna 12-03 ya zama kwanan wata, sai in an mai da layin Texte kafin a liƙa.

Wayar Android da aka jona da igiya ba ta samun harafi irin E: ko F:, don haka cmd ba ya isa gare ta. A cire memorin a sa a abin karanta kati. In kuma kile ta bi ta siber ta dawo kamar babu komai a ciki alhali ta nuna a cike take, a buga dir /a, zai fito da fayilolin da bairos ya ɓoye.