Digiri na uku a Jami'ar Bayero ko a Ingila?

Malama, kin tambaya ko ki yi digirinki na uku a nan Jami'ar Bayero ko ki nemi gurbi a Ingila, tunda burinki shi ne ki koyar da ilimin zamantakewar al'umma, ki kuma yi bincike a kan yadda ma'aikatu ke fifita wasu ma'aikata wajen ɗauka, albashi da ƙarin girma.

Abin da Ingila ta fi mu da shi ba ɓoyayye ba ne: ana kammalawa cikin shekara 3 zuwa 4, mujallun bincike suna hannun ɗalibi, kuma horon da ake bayarwa kan dabarun bincike yana da ƙarfi. Sai dai kuɗin makarantar da fam ake biya, kuma tun faɗuwar darajar Naira a 2023 ya fi ƙarfin albashin malami. A gida kuɗin da sauƙi, amma lokaci ba ya hannunki, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata 8.

A ganina, inda gida ya yi zarra shi ne fagen binciken kansa. A masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa za ki tarar da ma'aikacin wucin gadi da na dindindin suna aiki iri ɗaya, alhali haƙƙoƙinsu sun bambanta. A Kantin Kwari kuwa, yaron shago yana dogara ne da amanar ubangidansa, domin dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma Naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba banza ba masanin ilimin zamantakewar al'umma Paul Lubeck ya taso daga Amurka ya zauna da leburorin masana'antun Kano, har ya fitar da littafinsa a kansu a 1986. Ke kuma kina da abin da baƙo ba shi da shi, wato harshe da damar shiga cikin mata ma'aikata su faɗa miki abin da ke damunsu ba tare da ɗari-ɗari ba.

Saboda haka, idan kin riga kin samu aikin koyarwa, ki yi rajista a nan, ki nemi tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sannan ki gwada tallafin Commonwealth mai bai wa ɗalibin da ke karatu a gida damar yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya. Idan kuwa ba ki da aiki kuma kika samu cikakken tallafi, ki tafi, amma ki daidaita da malamin da zai duba aikinki tun farko cewa a Kano za ki tattara bayananki.