Gonar turare: a sare gaba ɗaya ko yanki-yanki?

Masu gonar bishiyar turare sun sha tambayata wanne ya fi rage kashe kuɗi.

Sara gaba ɗaya ya fi arha wajen aiki. Mai injin yanka zai zo sau ɗaya, mota ta yi lodi cike, a gama da rani kafin hanya ta caɓe. Sai dai kaya masu yawa a lokaci guda dillali suke ƙara wa baki, kuma gonar takan zauna tsirara, iska da ruwan farko su kwashe ƙasar sama.

Yanki-yanki kuwa kowace shekara sai ka biya kuɗin mota da lebura. Amma turare yana toho daga kututture. Kafin ka kai yanki na ƙarshe, na farko ya miƙe, in dai ka rage tohon zuwa biyu ko uku ka kuma tsare shi daga awaki. Wannan ɓangaren ne nake jin takaicin yadda ake sakaci da shi.

Mai gona nesa da titi, ko wanda ya riga ya sami mai saye da yawa, gaba ɗaya ya fi masa. Wanda gonarsa ke kusa da gari, yana son kuɗi na shigowa duk shekara, ya bi yanki-yanki.