Tsakanin 401(k) da NQDC: wanne ne ajiya, wanne ne bashi

Injiniya, barka da ƙarin girma. Ka ce kamfaninku a Amurka ya miƙo maka takardar shiga NQDC, wani tsarin jinkirta albashi, bayan kana da 401(k), wato asusun ajiyar ritaya na wurin aiki, kana tambaya ko abu ɗaya ne aka sauya wa suna. Ba ɗaya ba ne, kuma don Allah kada ka sa hannu sai ka gane inda suka rabu.

A ido sun yi kama: duka biyun ana cire wani abu daga albashinka, a jinkirta harajin kuɗin shiga sai ranar da ka karɓa. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

401(k) lambar sashe ce a dokar harajin Amurka, ya samo asali a 1978. Ana kiransa tsarin da ya cika sharuɗɗa, domin yana ƙarƙashin kariyar dokar ERISA ta 1974, mai kare kuɗin ritayar ma'aikata. Kuɗin suna asusun amana ne, ba a aljihun kamfani ba. Ko kamfanin ya durƙushe, masu binsa bashi ba sa taɓa abin da ka zuba. In ka bar aiki, sai ka kwashe su zuwa IRA, wato asusun ritaya na ƙashin kanka, ko tsarin sabon wurin aikinka. Matsalarsa ita ce iyakar abin da za ka zuba a shekara: a 2024 dala 23,000 ce, da ƙarin 7,500 ga wanda ya kai shekara 50. Wanda ya cira kafin shekara 59 da rabi, galibi tarar kashi 10 cikin ɗari ce.

NQDC kuwa, ma'anar sunan ita ce albashin da aka jinkirta a tsarin da bai cika waɗancan sharuɗɗa ba. Ba zamba ba ce, halas ne a doka, kuma manyan ma'aikata kaɗai ake ba wa, shi ya sa suke ce masa tsarin masu doguwar hula. Doka ba ta sa masa waccan iyakar ba, abin da ke jan mutane ke nan. Amma adadin da kake gani a shafinka na intanet alƙawari ne kawai. Bashi kake bin kamfani, ba jingina. Za ka ga a takardar an ambaci asusun amana na rabi, wato malamin Yahudawa, don a kan wani irinsu hukumar haraji ta fara amincewa da shi. Wannan asusu yana hana sababbin shugabanni su yi maka ƙememe, amma in kamfani ya karye, layi ɗaya za ka bi da sauran masu bin bashi. Ma'aikatan bankin Lehman Brothers sun ɗanɗana wannan bayan karyewarsa a 2008.

Sai sashe na 409A na dokar harajin, wanda aka kafa a 2004 bayan wasu manyan kamfanin makamashi na Enron sun yi wuf sun kwashe nasu gab da rushewarsa. Shi ya ɗaure komai. Tun kafin shekara ta shigo za ka faɗi nawa za a riƙe, da yaushe za a biya ka, ko dunƙule ko kashi-kashi. In ka so sauya rana, sai ka sanar wata 12 kafin lokacin, kuma a tura biyan gaba aƙalla shekara 5. Aka saɓa, kai za ka biya ƙarin harajin kashi 20, ba kamfani ba. Babu rance, babu kwashewa zuwa IRA.

A ganina, fara cika 401(k) har baki, musamman in kamfani yana ɗora maka nasa kason. Abin da ya saura ne za ka duba wa NQDC, shi ma daidai abin da ba za ka buƙata ba don ginin gida ko kuɗin makarantar yara. Tunda ka ce kana tunanin komawa gida nan da 'yan shekaru, nemi shafin da ya faɗi abin da zai faru ranar da ka ajiye aiki, domin wasu tsare-tsaren dunƙule suke biya, harajin duka ya faɗo maka a shekara guda. Kai wa masanin haraji wannan shafin kafin a rufe rajistar bana.