Ƙusa ko gam: wanne ya fi riƙe mariƙin wuƙa?

Ƙusar tagulla takan ratsa katako da ƙarfe, a dake kanta har ya baje. Ko wuƙar ta faɗi, mariƙin ba zai goce ba. Matsalarta ruwa. Yana kutsawa tsakanin katakon da ƙarfen, tsatsa ta ci daga ciki, musamman wuƙar mahauci da ke shan jini da wanki kullum. In an cika duka kuma, katakon ya tsage.

Gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, yana toshe kafar nan gaba ɗaya, amma sai an kankare ƙarfen, an goge maiƙo, an matse ya kwana. Shi kaɗai, zafi na sassauta shi.

Ni dai nakan shafa gam, in bi da ƙusa biyu.